Katifa Ba Ta da Nauyi, Faɗi Gare Ta



Ranar Asabar ɗin da ta gabata, da la'asar sakaliya, ina tafe a Titin Zariya, tsakanin Unguwa Uku da Na'ibawa, sai na tsinci kaina a bayan wata katifa. Na ce a bayan katifa, domin ita kaɗai nake gani. Sai da na leƙa ta ƙasa na hango tayoyi uku, na gane cewa A Daidaita Sahu ne a ƙarƙashinta. Katifar nan irin ƙatuwar nan ce da masu shago ke kira siks-bai-siks, ƙafa 6 a tsaye ƙafa 6 a kwance, kaurinta kuwa ya kusa kamu biyu. An ɗaure ta da igiya guda ɗaya tak a tsakiya. Ta hagu hannu ya fito daga cikin keken ya riƙe gefenta, ta dama ma wani hannun ya fito ya riƙe. Duk lokacin da ɗan sahun ya ƙara mai, sai gaban katifar ya ɗaga sama kamar tana gaishe da jama'a, in ya sassauta sai ta kwanta. Na rage gudu, na bar tazara mai yawa tsakanina da su. Wani mai babur da ya goyo mace da jariri bai bar tazarar ba. Yana manne da su har suka karya kwana. Allah Ya tsare, babu abin da ya faru. To amma tun daga ranar maganar katifa ba ta bar raina ba, shi ya sa na kawo ta gabanku yau a wannan filin sharhi.

Duk wanda ya taɓa zaman gidan haya a Kano ya san ranar tashi. Wa'adi ya cika, mai gida ya ƙara kuɗi, ko ya ce ɗansa zai yi aure yana son ɗakunan, ko kuma Allah Ya hore maka naka ka gina a Rijiyar Zaki ko Ɗorayi ko can bayan Hotoro. Tun dare ake ƙulle-ƙulle. Kwanuka a buhu, tufafi a jakar Ghana-mas-go, kafinta ya zo ya kwance gado da sif, firji an tsiyaye ruwansa. Kowane kaya an san yadda za a yi da shi. Talabijin ana naɗe shi da bargo, a rungume shi a cinya kamar jinjiri. Madubi ma haka. Katifa kuwa ana jingine ta da bango a ce a bar ta sai ƙarshe, ai ba ta da nauyi.

Wannan kalmar, ai ba ta da nauyi, ita ce tushen duk wahalar da ke biyo baya. Mu a al'adarmu da nauyi muke auna kaya. Ɗan dako da nauyi yake yanka kuɗinsa, mai kura da nauyi, direban akori-kura ma tayoyinsa yake duba ya ga ko sun zauna. Katifar soso kuwa yaro biyu sun ɗaga ta. Sai mutum ya ga asara ce ya ɗauko mota sukutum saboda abin da bai kai buhun shinkafa nauyi ba. Abin da ya manta shi ne titi ba ya tambayar nauyin kaya kaɗai, yana tambayar faɗinsa, iska kuma faɗin kawai ta sani.

Bari mu yi ɗan lissafi, ba mai wuya ba. Katifa mai ƙafa 6 faɗinta ya kai mita 1 da santimita 83. Keken A Daidaita Sahu, irin na Bajaj ko TVS da suka cika garin nan, faɗinsa bai wuce mita 1 da santimita 30 ba ko kusa da haka. Ke nan in aka shimfiɗa katifar a kan rufinsa, ta zarce shi da fiye da kamu guda ta hagu, fiye da kamu guda ta dama. Shi kuwa direban da faɗin kekensa ya saba. Idonsa da hannunsa sun haddace ratar da yake kutsawa kullum, tsakanin mota da mota, tsakanin tirela da bakin kwata. Yau an ƙara masa fukafukai, amma hannun bai sani ba. Shi ya sa za ka ga katifa ta shafo madubin motar wani, ko ta share tiren mai talla, ko ta doki kafaɗar mai tafiya a ƙasa wanda ya riga ya kauce wa keken, bai san akwai saura a sama ba.

Sai maganar iska, wadda ta fi wannan haɗari. Ƙa'ida ce da masana kimiyya suka daɗe da tabbatarwa: in ka ninka gudu sau biyu, ƙarfin da iska ke tura kaya da shi yana ninkuwa sau huɗu. Shimfiɗar katifa siks-bai-siks ta haura murabba'in mita 3. In gabanta ya ɗaga ta miƙe ta fuskanci iska, a gudun kilomita 40 cikin awa, turin da za ta sha ya kai wajen nauyin kilo 30. A gudun kilomita 80 kuwa ya haura kilo 100, wato fiye da buhun siminti biyu. Yanzu ku dawo da tunaninku kan hannuwan nan biyu da na gani a Titin Zariya. Wane ƙato ne zai riƙe buhun siminti biyu da yatsu huɗu, hannunsa a bankare ta taga, abin kuma ya zo masa ba sallama? Hannun nan kwantar da hankali kawai yake yi wa mai shi. In iska ta tashi karɓar kayanta, ko dai ya saki, ko ta tafi da kafaɗarsa. In kuma igiyar ta riƙe gam alhali keken ba shi da nauyin da zai danne, to keken ne zai karkata. Mai taya uku dama ba ya son a ja shi ta gefe.

Kuma in katifa ta tashi, ba a kan mai ita take sauka ba. Shi ya riga ya wuce. A kan na baya take sauka, ta rufe gilashin mota ruf, ko ta lulluɓe mai babur. Soso ne, ba ya fasa kai, to amma direban da ke gudu aka rufe masa ido na daƙiƙa uku, me ya rage? Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai a lamarin: wanda ya yi tsimin kuɗin mota daban, wanda zai biya daban.

Wani zai ce, Malam, ai haka muka taso muka gani. A'a, ba haka muka taso muka gani ba. Katifar da kakanninmu suka sani ba ta taɓa tare titi ba. Kalmar kanta bakin Larabawa muka aro ta, inda take nufin wani mayafi mai laushi da gashi-gashi. Kafin ita akwai tabarma, akwai buzu, akwai gadon kara da gadon ƙasa. Da katifar ta zo, ta audugar rimi ce, ko ta auduga, ko ta ciyawa ga mai ƙaramin ƙarfi. Irin wannan in za a tashi naɗe ta ake yi kamar tabarma, a ɗaure da igiyar rama, a aza wa jaki ko a ɗauka a ka. In ta kwanta ta yi tauri, a farke ta, a shanya audugar, a bubbuge, a mayar a ɗinke. Kaya ne da ya san ƙofar da zai bi.

Soso daga baya ya zo. Kamfanin Vitafoam a 1962 aka kafa shi a Legas. Mouka kuwa, wanda da yawa suke ɗauka baƙo ne, a nan Kano tushensa yake: a 1959 iyalan Moukarim suka buɗe masana'antar gadajen ƙarfe da kayan katako a garin nan, sai a 1972 aka kafa kamfanin soson a Legas. Ko a lokacin, katifar farko siririya ce, inci 4 ko inci 6, daidai gadon ƙarfe mai rumfa. Sannu a hankali gado ya yi ta faɗi, katifa ta yi ta kauri. Daga huɗu da rabi aka koma shida da shida, aka kai shida da bakwai. Kauri daga inci 8 zuwa 12, zuwa 18, har ka ga wadda sai yaro ya taka kujera yake hawa. Ƙofofinmu da lungunanmu kuwa suna nan yadda magina suka bar su.

A ɗaya ɓangaren, abin ɗaukar ma ya canza. A Daidaita Sahu zamanin gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ya shigo garin nan, don a sama wa mata abin hawa na mutunci. Da aka hana acaɓa a watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, sai keken ya gaji komai. Ya gaji fasinja, ya gaji buhun gawayi, ya gaji akuyar Sallah, ya gaji rodi da kwanon rufi, ya kuma gaji katifa. An ƙera shi don mutum uku a baya da rufin tamfol a kan siraran ƙarafa, mu kuma muka mayar da shi motar ƙaura.

Ban ɗora wa ɗan sahu laifin duka ba. Yaron nan balas yake nema, yana da kuɗin da zai kai wa mai keke da yamma ko an samu ko ba a samu ba. In ka tsayar da shi ka nuna masa katifa, ba zai taɓa cewa ba za ta ɗauku ba. Cewa zai yi, "Alhaji, kawo ta kawai, wadda ta fi wannan ma mun kai Kurna." In ka ce igiyar fa ta yi kaɗan, ya ce, "Yallaɓai, kar ka damu, a hankali za mu je." A hankalin nan kuwa iyakarsa kwanar unguwa. Da ya hau kwalta ya ga fili, hannunsa ya koma ga abin da ya saba. Jami'an KAROTA da na hukumar kiyaye haɗurra suna tare masu lodin da ya wuce ƙa'ida, gaskiya ne, to amma abin da hakan ya haifar a wajen wasu shi ne a jira dare, ko a bi ta lungu, ko a ƙara gudu a wuce shataletale kafin a ankara. Ka ga an gudu daga tara an faɗa wa abin da ya fi tara.

Yanzu bari in taɓo inda na san za a yi mini ca. Katifar nan ta wace ce?

A gidan Bahaushe, mafi yawan lokaci, katifa ta matar gida ce. Cikin kayan ɗakinta take. Ubanta ne ya saya, ko uwarta ta yi shekaru tana zubin adashi, ko 'yan'uwa suka haɗa hannu. Ranar jere, ku tuna yadda aka kawo ta. Mota kanta guda aka ɗauko, katifa na cikin ledarta, ƙannen amarya na zaune a gefe suna gadinta, gwaggo tana tsaye a ƙofar gida tana cewa a bi a hankali kar a goga ta da bango. 'Yan jere suka danna ta da tafin hannu, suka duba tambarin kamfani, suka auna kaurinta da ido, domin a wajensu kaurin katifa shaida ce ta irin gidan da yarinya ta fito. Ba na goyon bayan wannan gasar, na sha faɗa a filin nan cewa tana karya iyaye. Amma dai a ranar an girmama kayan.

Bayan shekara huɗu, ranar tashi, wa ke yanke shawarar yadda za a ɗauke ta? Maigida. Shi ke ciniki da mai mota, shi ke ƙirga sawu, shi ke cewa kujeru da firji su shiga akori-kura, katifa kuma a bi da ita a sahu. Matar tana cikin gida tana haɗa tukwane, ko ma an riga an kai ta sabon gidan da yara. Sai dai ta ga kayanta sun iso, gefe ya yage, kusurwa ta sha baƙin mai, tsakiya igiya ta yi mata wuya. In ta yi magana a ce, "Haba, ke kuwa, a kan katifa?" To ai ba taka ba ce, Malam. Amana ce a hannunka. Da talabijin ɗinka ne aka yi wa haka da unguwa ta ji ku da ɗan sahu.

Kuma kar ku ɗauka daga kan mumbari nake magana. Ni ma na yi. Shekarun baya da muka tashi daga cikin gari zuwa wajen ganuwa, na yi ciniki da mai akori-kura a kan sawu biyu. Sawu biyu suka cika, katifa ta rage, ya ce sai na ƙara kuɗin sawu na uku. Na ga kamar cuta ce. Na sallame shi, na ɗora ta a kan rufin tsohuwar motata. Na zura igiya ta tagogi na zagayo na ƙulle tamau, ina jin kaina gwani. Da na zo shiga sai ƙofa ta ƙi buɗuwa, ashe na ɗaure ƙofofin huɗu gaba ɗaya da igiyar. Yaran unguwa na tsaye suna kallo. Girma ya hana ni kwancewa, sai na shiga ta taga, da babbar riga. Wannan ne ɓangaren dariyar. Ɓangaren da ba na dariya ba, watan Agusta ne. Muna hanya gabas ta haɗe, iskar nan da ke riga ruwa isowa ta taso, katifa ta fara dukan rufin mota kamar ganga. Kafin in sami rumfar da zan fake ruwa ya sauko. Minti goma bai cika ba, amma soso ya sha ya ƙoshi. Katifar da yaro biyu suka ɗora, sai da ƙarti huɗu suka sauke ta. Mako guda muna fitar da ita rana muna mayarwa, damina kuwa ba ta ba da ranar kirki. Sama ya bushe, ciki bai bushe ba. Warin nan na ruma bai bar ta ba har muka rabu da ita. Uwargida ba ta ce mini komai ba a ranar. Sai da surukata ta zo ganin sabon gida, ta zauna a bakin gado, ta shaƙi iska, ta dube ni ta ce, "Malam, ashe gidan naku da danshi." Na ce, "E, Hajiya, da ɗan danshi." Kuɗin sawu na ukun da na hana bai kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin sabuwar katifa ba. Araha dai ba ta ado.

To tunda na sha, bari in faɗi abin da na koya, ko wani zai huta.

Kafin komai, san irin katifar da kake da ita, domin ba duka ake yi wa abu ɗaya ba. Soso zalla, in siriri ne, yana yarda a naɗe shi ko a lanƙwasa na 'yan awoyi, ya koma daidai. Mai kauri sosai in ka tilasta masa ninki, ta bayan ninkin yake tsagewa daga ciki, ba za ka gani ba sai bayan wata biyu ka ji rami a ƙarƙashin ƙugunka. Mai sifirin, wadda ke da ƙarafa a ciki, ba a ninka ta ko kaɗan. Akwai ƙarfen da ya zagaye bakinta, in ya lanƙwashe ya lanƙwashe ke nan, babu makerin da zai miƙe maka shi. Sai mai taurin nan da ake saya saboda ciwon baya, wadda ake kira otofedik. Ita daga gutsattsarin soso ake matse ta da gam, shi ya sa take da nauyi, kuma ita ba ta lanƙwasa, karyewa take yi. Wannan ko kusa kada a kai ta rufin sahu, domin ta haɗa faɗin da nauyin.

Wurin katifa babba shi ne cikin bodin mota, akori-kura ko kanta. A tsayar da ita a kan gefenta, a jingine da bangon bodi, tsawonta ya bi tsawon motar, yadda siririn gefen ne zai fuskanci iska. Ko kuma a shimfiɗa ta a can saman kaya bayan an daidaita su, a rufe da tamfol a ɗaure. Abin da ba a yi shi ne a shimfiɗa ta a ƙasa a mayar da ita matashin kaya, a jibga mata injin niƙa da janareta da ƙafafun gado. Na san 'yan lodi na son haka, domin tana kare musu kayan katako daga karcewa. Kariyar da jikinta take biya. Janareta kuma ko an ce an juye mansa, sai ya ɗiga, soso kuwa in ya sha fetur ya zama abin tsoro, domin dama can shi abu ne mai saurin kamawa da wuta, hayaƙinsa kuma guba ne. Saboda haka a nisanta ta da salansa, a kuma roƙi yaron mota ya haƙura da sigarinsa har a sauke.

In kuwa dole ce ta sa sai rufin ƙaramar mota, to igiya ɗaya a tsakiya ba ɗauri ba ne. Ana buɗe ƙofofi ne a zura igiyar ta cikinsu sannan a rufe, ba ta taga ba, kun dai ji abin da ya sami mai sharhi. A ɗaure gaba, a ɗaure tsakiya, a ɗaure baya, sannan a kawo wata igiyar ta bi tsawonta daga gaba zuwa baya, domin bakin gaba shi ne ƙofar da iska ke shiga. In ka danne shi, ka gama rabin aikin. A sa kwali ko tsumma a inda igiya ta ciji gefe, kar ta yanka. Robar tayar nan da muke yankawa muna ɗaure kaya a babur tana da kyau ga buhu, amma ga katifa tana miƙewa ta ba iska hanya. Bayan tafiyar minti biyar a tsaya a sake jan igiyar, domin soso yana lotsawa ɗauri ya saki. Sannan a tafi a hankali na gaskiya, a gefen dama, a bar gadar sama a bi ta ƙasa in akwai hanya.

Lokaci ma yana da nasa. Bayan sallar Asuba titi fili ne, iska a kwance take, masu kallo ma ba su fito ba. Da damina hadarin garin nan ya fi son yamma da dare. Da hunturu kuma ƙura ce, wadda ke shiga yadin katifa ta zauna, mai asma ya kwana yana tari bai san dalili ba. Leda ko tamfol ko tsohon zanin gado, duk wanda ya samu a naɗe ta da shi. Abin mamaki, akwai gidajen da suke barin ledar kamfani a jikin katifa shekara da shekaru, ana kwana ana zufa ana jin ƙarar leda duk juyi, wai kar ta tsufa. Ranar da ledar za ta yi amfani na gaske, ranar tashi, sai ka tarar ta riga ta yayyage.

Naɗewar nan tana da wani amfanin da ba na ƙura ba. Katifa kayan sirri ce. Ita ta san fitsarin yara, ta san jinya, ta san haihuwa. Mutanen da suka gina gidajensu yadda baƙo ba zai hango tsakar gida ba, bai kamata a ce su ne ke yawo da shimfiɗar matansu tsirara daga Gwammaja zuwa Sheka ba, kowa na karanta taswirar da ke jikinta a danja.

Akwai kuma fasinjan da ke bin katifa ba tare da ya biya kuɗin mota ba: kuɗin cizo. A cikin ɗinkin gefe yake ɓuya, da ƙarƙashin tambari, da ramukan katakon gado, yana kuma iya yin watanni bai sha jini ba yana nan da ransa. Mutum ya bar tsohon gida yana murna ya rabu da su, ashe ya ɗauko su a sawun farko. Wani kuma nasa gidan lafiya lau, a motar haya ya kwaso, daga kayan wanda aka ɗauka kafin shi. A duba ɗinkin da kyau tun kwana biyu kafin tashi, a shanya a rana mai zafi, a share bodin motar kafin a yi lodi. Kuma don Allah a bar tsiyaya fiya-fiya a kan abin da za a kwanta a kai da daddare, a rufe ɗaki da yara a ciki. Maganin ƙwarin gona ne, ba a yi shi don shimfiɗa ba.

Na bar mafi daɗin don ƙarshe, wato ƙofa. Ka tsallake iska, ka tsallake ruwa, ka tsallake jami'an hanya, ka iso. Yanzu sai shiga. A sababbin gidaje ƙofar ɗaki takan kai ƙafa 3 a faɗi, ƙafa 7 a tsayi, don haka katifa mai ƙafa 6 tana shiga a tsaye a kan gefenta, in dai akwai filin da za a juya ta. Matsalar tana wajen kwana: siririn baranda, ko matattakalar bene mai lanƙwasa, inda za ka ga ƙarti uku sun maƙale, na sama na cewa a turo, na ƙasa na cewa a ja. Sau da yawa ƙarshenta sai an zura igiya an jawo ta ta barandar sama kamar guga.

A cikin gari kuwa, Yakasai ko Dala ko Ƙofar Mata, labarin ya fi haka. Mota ba ta shiga lungun, a bakin titi take sauke kaya, sai a ɗauka a ka. Sannan ga zaure. Maginan da suka tsara gidan Bahaushe da gangan suka saɓa ƙofofin: ƙofar waje na nan, ta shiga ciki na can gefe, yadda mai wucewa ba zai miƙa ido ya ga matan gida ba. Wani gidan soro biyu ne, wani uku, kowanne da kwanarsa, ƙofofin kuma gajeru, sai ka sunkuya. Hikima ce babba, kuma ta yi aikinta shekaru aru-aru. To abin da aka gina don ya karya hanyar ido, shi ne ke karya katifa mai sifirin. Na taɓa tsayawa a wani lungu ina kallon yadda aka yi ta fama da wata, daga Azahar har aka kira La'asar. Aka gwada ta tsaye, aka gwada ta kwance, aka cire ƙyauren ƙofa, wani ya ce a fasa dokin ƙofar, tsohon gidan ya ce ba a gidansa ba. Daga ƙarshe sai da aka nemi izinin maƙwabta, mata suka shige ɗaka, samari suka hau katanga, aka miƙa ta ta sama daga gida zuwa gida har ta sauka a tsakar gidan da za ta zauna. Tef ɗin awo na tela, wanda ke rataye a wuyan mai shagon da ke bakin lungun, da an are shi kafin a je kasuwa, da minti biyu ya isa. Tsohon dai da aka gama ya gyara zamansa a dakali, ya ce wa mai katifar, "Yaro, ranar da za ku tashi ka faɗa mini da wuri, in tafi ƙauye."